Ya Ba Teku Baya: Sharhi Bisa Hotunan Bakans da Gargaɗin Matafiya

Ƴan uwa ɗalibai, da zarar an aje alƙalamin jarrabawa an shiga babban hutu, wayoyinmu sukan cika da wani irin rubutu da ba a koya mana nazarinsa a aji ba. Hoto ne ko guntun bidiyo, da kalma biyu ko uku a ƙarƙashi. Saurayi tsaye bakin teku a Kwatano ko Lome, ya naɗe ƙafar wando, tabarau bisa goshi, ya ɗaga yatsu biyu. Ko kuwa ƴan mata ne, iska na kaɗa mayafi, ana ta ƙyalƙyata dariya. Sai mu da muka rage a Maraɗi da Damagaram da Tawa mu danna alamar zuciya mu wuce.

Ba hassada ta sa ni wannan rubutu ba. Wanda Allah ya hore ma kuɗin mota ya je ya ga teku, ya kyauta wa kansa. Ƙasarmu ba ta da gaɓar teku ko taki guda, daga Yamai zuwa Kwatano sama da kilomita 1000 ne, don haka ba abin mamaki ba ne yaro ya yi marmarin ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Abin da ya dame ni shi ne maganar da muke yi bisa wannan tafiya. A fannin nazarin harshe, duk abin da aka tsara don isar da saƙo matani ne, ana iya tambayarsa: wa ya yi ka, wa aka yi ka domin shi, mi ka faɗa, mi ka bari? Matani uku ne ke kewaye da matashin Nijar mai niyyar zuwa bakin teku: hoton bakans na abokansa, gargaɗin da Turawa ke rubuta wa matafiyansu, da sallamar da ake yi masa a gida. Na ɗora su bisa sikeli ɗaya bayan ɗaya, na iske babu wanda ke faɗa masa, da harshen da yake mafarki da shi, abin da ke iya kashe shi a can.

Tafiya guda, suna barkatai

Hanyar kudu ba baƙuwa ba ce gare mu. Amma ku lura da yadda sunan tafiyar ke sauyawa gwargwadon wanda ya yi ta. In ɗan manomi daga Keita ko Ilela ya nufi Abijan bayan girbi, sai a ce ya tafi bida ko cin rani. In Alhaji ya je Kwatano ɗauko motoci, ya tafi kasuwa. In tsohuwa ta je Kumasi duba jikoki, ziyara ce. In kuwa ɗiyar ma'aikaci ko ɗalibin da ya tara bursunsa ya shiga motar nan dai, ya zauna kujerar nan dai, ya tsaya shingen jandarman nan dai, sai a ce ya tafi bakans.

Kalmar bakans aro ce daga Faransanci, inda ma'anarta ba ta wuce lokacin da aka rufe lakol ko aka bar aiki ba. Da ta shigo bakinmu sai ta tsuke, ta kuma yi kiɓa ta wani gefe. Gwada wannan jimla gaban abokai: "Na yi bakans a gonar kakana, muna noman hatsi." Za a fashe da dariya. Amma ka ce "na yi hutu a ƙauye", ba mai ɗaga kai. Ke nan hutu na kowa ne, bakans kuwa tana ɗauke da kuɗi da nisa da nunawa. Wannan ba wasan kalmomi ba ne kawai, yana da sakamako. Mai tafiya bida ana zaunar da shi: ga sunan ɗan garinmu da za ka sauka wurinsa, ga unguwar da ba a bi da dare, ga yadda ake ɓoye kuɗi. Mai tafiya bakans ba a zaunar da shi, don a ganinmu daɗi zai je ji, kuma wa ke yi wa mai zuwa jin daɗi wa'azi? Sunan da muka ba tafiyar shi ne ya raba shi da shawara.

Akwai suna na uku da muke ji a rediyo, wanda nake ganin ya fi duka: yawon buɗe ido. Wanda ya ƙirƙiro shi ya san Hausa. Buɗe ido na nufin ganin abin da ba ka taɓa gani ba har ka ƙaru. Yana kuma nufin hattara, kamar yadda uwa ke ce wa ɗanta "ka buɗe idonka a garin mutane". Ilimi da tsaro cikin furuci guda. Da wannan ma'auni zan auna sauran.

Hoton da ke kallon kansa

Ku ɗauko hotunan bakin teku goma daga waya, ku duba inda mai hoton ya fuskanta. Kusan duka sun ba teku baya. Dole ce ta sa, don kyamarar gaba tana son fuska a gaba, ruwa a baya kamar labulen mai ɗaukar hoto na kasuwa. To amma dokar farko da duk masunci zai faɗa maka ita ce kada ka juya wa teku baya, domin raƙuman ruwa ba tsawonsu ɗaya ba, bayan ƙanana biyar ko shida babba na iya tasowa ya share ƙafafun wanda ke tsaye ruwa iya gwiwa. Tsarin hoton kansa yana koya wa mai kallo akasin abin da zai cece shi.

Sannan ga abin da hoton ya haɗiye. Bai nuna kwana da yini cikin kar ba. Bai nuna yawan sauka a shingaye ba. Bai nuna cewa tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, matafiya suka koma ƙetare kogi cikin kwalekwale, sau da yawa maƙare da mutane da kaya, ba tare da rigar ceto ba. Bai nuna ɗakin Zango da mutum shida suka kwana ciki ba. Jimla ce da aka cire wa aikatau, aka bar sakamako tsirara: ga ni, ga teku. Ƙanen da ke lise a Tasawa ko Magarya, shi wannan jimlar yake karantawa, kuma fassarar da zai yi mata ita ce teku babban tafki ne da ake wasa a ciki.

Hoton bai tsaya ga ɓoye haɗari ba, har tarihi yana shafewa. A Wida, yamma da Kwatano, akwai wata babbar ƙofa a bakin ruwa da aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka loda wa jiragen Turawa, ana kiranta ƙofar da ba a komowa. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa ta Benin akwai Hausawa da yaƙe-yaƙe suka jefa hannun masu fataucin bayi, aka kai su Bahiya a ƙasar Barazil, inda tun 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka kitsa. Ɗan Maraɗi da ya tsaya ƙarƙashin wannan ƙofa yana tsaye ne inda wataƙila wani mai jin harshensa ya yi wa ƙasa kallon ƙarshe. In abin da ya kawo mana daga can rawa ce da waƙar da ke tashe, to ya yi yawo, amma idon bai buɗu ba.

Kwatanta wannan da fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 aka kammala a 1967. Samari uku ƴan Nijar, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, sun tashi daga Ayoru suka nufi Gwalkwas, Gana ta yau. Su ma ƴan gayu ne, su ma suna son a gan su. Amma fim ɗin ya ba hanya haƙƙinta: gajiya, mamakin al'adun mutanen da suka ratsa, iyaka, neman aiki a Akara da Kumasi, da komowa gida da tsaraba. Muryoyinsu ne ke sharhi bisa hotunan, suna gardama suna raha. Aibinsa guda a wurina: da Faransanci suka yi sharhin, don haka ɗan kallon Paris ya fi mutumin Ayoru morarsa. Shekaru kusan 70 bayan nan, kowane ɗayanmu na riƙe da kyamarar da ta fi ta Rouch sauƙi, ga harshenmu a bakinmu, amma labarin da muke bayarwa bai kai rabin nasu ba.

Taswira mai launi huɗu

Matani na biyu shi ne gargaɗin matafiya da ma'aikatar harkokin wajen Faransa ke wallafawa, wanda da yawa cikinmu ke faɗawa kansa in sun bincika intanet da Faransanci. Ya raba duniya launi huɗu: kore, a yi hattara irin ta kullum, rawaya, a ƙara hattara, ruwan lemo, kada a je sai da dalili mai ƙarfi, ja, kada a je sam. A yi masa adalci, rubutu ne mai tsari, ana sabunta shi, kuma yana faɗin abin da hotunanmu ba su faɗi: wanka a tekun Benin da Togo na da haɗari, mutane na nutsewa.

Sai dai ku tambayi wakilin sunan da ke cikinsa. "Ku" ɗin da yake magana da shi wane ne? Mutum ne mai fasfon Faransa, wanda ake ce wa ya yi rajista da ma'aikatarsu kafin ya tashi, ya sayi inshorar da za ta maido shi gida da jirgi in ya kwanta ciwo, ya kira ofishin jakadancinsu in ya shiga uku. Mu a cikin wannan rubutu ba masu karatu ba ne, muna cikin shimfiɗar wurin ne: direba, ɗan rakiya, taron jama'ar da aka ce a kauce wa. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, wurin raƙuman dawa, shida Faransawa ma'aikatan agaji, biyu ƴan Nijar, direba da ɗan rakiya. Bayan kwanaki kaɗan aka shafa wa Nijar duka ja in ban da Yamai. A watan Mayun 2019 kuma, a gandun dajin Penjari na arewacin Benin, an sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido, aka kashe ɗan Benin da ke yi musu jagora. Launin taswira yana auna ran baƙo ne. Ɗan ƙasa da ke zaune cikin jan, ko wanda cinsa da shansa ya dogara ga zuwan baƙin, ba a yi taswirar don shi ba.

Ban ga laifin Faransa ba don ta rubuta wa ƴaƴanta. Laifin namu ne in muka ari tabaraun wani muka ce da shi za mu ga hanya. Haɗarinmu daban yake. Bature ba ya fargabar a sauke shi a shinge don ya yi kama da waɗanda ake nema. Matashi mai jin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci da ke ratsa arewacin Benin, ko yankin Saban na arewacin Togo da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022 saboda hare-hare, shi yana da wannan fargaba, kuma abin da zai fidda shi takardu ne cikakku da amsa guda mai tsabta: daga ina, zuwa ina, wurin wa. Maganar takardun ma ta motsa. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar takardunmu da barinmu zirga-zirga har sai an sake sanarwa, kuma muna nan cikin UEMOA tare da Benin da Togo da Kodebuwa. Amma "har sai an sake sanarwa" ba magana ba ce da mai hankali zai kwanta a kanta. Tsofaffinmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Gana, ko 1983 da Najeriya ta yi irin haka. Katin ɗan ƙasa ko fasfo mai sauran wa'adi, katin rigakafin shawara, kwafinsu a aje wuri daban da hotonsu cikin waya: wannan shi ne namu launin kore.

"Allah ya kiyaye hanya"

Matani na uku shi ne mafi tsufa, kuma shi na fi ƙauna. Hausa na da wadatar kalmomin tafiya da ba kowane harshe ke da su ba, domin fatake ne suka gina su da ƙafafunsu a hanyar Gwanja, neman goro. Ayari na da madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya. Yana da jagaba da ke gaba yana duba inda za a bi. Akwai zango inda ake yada kaya, akwai mai masauki da ke tsaya wa baƙo a garin da bai san kowa ba, akwai guzuri, akwai kuɗin fito a bakin kogi. Kowace kalma cikin waɗannan matakin tsaro ce. Ba a tafiya kai kaɗai, ba a isa gari ba a san wurin sauka ba, ba a shiga ruwa sai da mai fito. Unguwannin Zango da ke Kwatano da Lome da Kumasi, da Nima da Sabon Zango a Akara, jikokin wannan tsari ne, kuma har gobe ɗalibin da ya ɓace a can in ya nemi masallacin Zango ko gidan sarkin Hausawa zai samu mai jin maganarsa.

Amma ku lura da kalmar da ke ƙarshen addu'ar: hanya. Duk hikimar nan ta tudu ce. Ayarin goro a Salaga yake tsayawa, can cikin ƙasa, nesa da gaɓa. Sai bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, da yaƙin basasar Salaga na 1892, ƴan kasuwarmu suka bazu sosai zuwa garuruwan bakin ruwa, kuma ko da suka je, ciniki ya kai su, ba wanka ba. Shi ya sa mahaifi zai ce maka ka kula da ɓarayi, ka kula da sallah, kada ka ci abin da ba ka sani ba, ya tsaya nan. Ba rowar shawara ya yi ba. Harshen da ya gada bai ba shi kalmar abin da ke jiran ɗansa ranar Lahadi da yamma a bakin ruwan Fijirose ba.

Ƙoramar teku

Ƙirga sunayen ruwa a Hausa: kogi, gulbi, rafi, ƙorama, tafki, kududdufi, fadama, rijiya, idon ruwa, ambaliya. Kowane da halinsa, yaro ma ya san bambancinsu. In aka zo ga ruwan gishiri kuwa, kalma guda muke da ita, teku, sai ƴan kwatance irin su igiyar ruwa da raƙuman ruwa. Abin da ba shi da suna wuyar gargaɗi gare shi. Kuma abin da ya fi cin mutane a wannan gaɓa, tun daga Legas har Abijan, ba mu raɗa masa suna ba.

Ga yadda yake. Raƙuman ruwa na tunkuɗo ruwa zuwa gaɓa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan nan dole ya koma. Sai ya taru ya nemi wata kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ko gefen duwatsun da aka jera don tare zaizayar gaɓa, ya kwarara ta nan zuwa cikin teku da gudu. Faɗinsa ba yawa, sau da yawa ƴan mitoci goma-goma ne, amma gudunsa na iya kai mita 2 cikin daƙiƙa guda, abin da ya fi ƙarfin gwanin ninƙaya na duniya. Mugun abin shi ne kamanninsa. Inda yake, raƙuman ruwa ba su cika fashewa ba, sai wurin ya yi kamar ya fi ko'ina kwanciya. Baƙon da ya tsorata da farin kumfa na dama da hagu, shi da kansa zai zaɓi wannan wuri mai lumana ya shiga. Alamominsa: gibi a layin kumfa, ruwa mai duhu ko mai launin yashi, da ganin tarkace ko kumfa na tafiya ciki maimakon fitowa.

Ina ba da shawarar mu kira shi ƙoramar teku. Dalilina, kowane ɗan Nijar ya san ƙorama, wadda Faransancin ƙasarmu ke kira kori: ya san tana zuwa da ƙarfi, ya san siririya ce, ya san ba a yin gaba da gaba da ita. Sunan na ɗauke da maganinsa. Ƙoramar teku ba ta jan mutum ƙasa, waje take jansa, kuma ƙarfinta na mutuwa in ta wuce inda raƙuman ruwa ke fashewa. Abin da ke kisa shi ne firgita da gajiya, mutum ya dage sai ya komo gaɓa ta inda ruwa ke fita har numfashinsa ya ƙare. Wanda ta ɗauka ya kwanta bisa bayansa ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu guda yana kira. In ya iya ninƙaya ya yanke ta gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga cikinta, sannan ya juyo. Wanda ke tudu kada ya faɗa don ceton aboki in ba gwani ba ne, don haka ne gawa guda ke zama biyu. Ya jefa abin da ke yawo bisa ruwa, jarka ko tayar mota, ya kira masunta, ya buga waya. A nan ma akwai tarko: 18 da muka haddace ta ƴan kwana-kwanan Nijar ce. A Benin da Togo 118 ce, a Gana 112.

Ƙari bisa haka, babban hutunmu ya faɗo daidai watannin Yuli zuwa Satumba, lokacin da tekun wannan yanki ya fi hauka. Wanda ya koyi iyo a gulbin Maraɗi ko tafkin Madarunfa ya fi kowa shiga haɗari, don ƙaramin sani ƙuƙumi ne: ya saba da ruwa mai gaɓa biyu, wanda in ka bi shi zai kai ka wani tudu. Ƴan uwa mata kuma, zane da dogon hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi, suna naɗe ƙafa. Jiƙa sawu a inda ruwa ke ƙarewa ya isa a ce an taɓa teku. Sannan matambayi ba ya ɓata. Masuntan wurin sun san ruwansu kamar yadda makiyayi ya san daji, har Gawa na Akara suna da ranar Talata da ba su fita su. In ka ga ƴan gari zaune bisa yashi ba mai shiga, ba rashin iyawa ba ne.

Karkarar da ba ta shiga hoto

Mafi yawanmu ba bakin teku muke hutu ba, ƙauye muke komawa, kuma a nan matanin uku duka sun yi shiru. Hoton bakans ba ya zuwa can don babu abin nunawa, kalmar "baƙauye" ma zagi ce a bakinmu, alhali Bature na biyan kuɗin jirgi don ya kwana a ruga ko ya ga taron makiyaya na Ingal. Taswirar Turawa ta shafe karkararmu da ja ta wuce. Iyaye kuma suna ganin gida ne, wa zai gargaɗi mutum bisa gidansu?

Amma ɗalibin da ya shekara tara a birni baƙo ne a ƙauyen ubansa, ko da bakinsa bai yarda ba. Hutun na zuwa da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da mutane, ga likita nesa. Ƙoramar da ka ƙetare a bushe da safe tana iya cika da yamma saboda ruwan da aka yi can wani wuri da ba ka gani ba. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, har aka ɗage komawa lakol zuwa ƙarshen Oktoba. Tafkin da yara ke wanka na ɗauke da tsargiya. Kububuwa na kwance a kunyar gona, kuma maganinta allurar asibiti ce da gaggawa, ba tsaga da ɗauri ba. A wasu ƙauyukan kudancin Maraɗi da ke bakin iyaka, masu satar mutane don kuɗin fansa sun sa ba a tafiyar dare, kuma ɗan birni mai babbar waya da ke sanar da duniya inda yake kwana yana yi musu aiki kyauta. Duk wannan sananne ne, amma a warwatse yake cikin bakunan mutane, ba wanda ya tara shi ya miƙa wa ɗalibi ranar da aka ba da hutu.

Aikin da ya rage namu

Ba ina cewa a daina tafiya ba, tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma matashin da bai taɓa fita ba saurin yarda gare shi, shi ne wanda wani zai kira daga Akara ko Abijan da alkawarin aiki, ya je ya iske ɗaki cike da irinsa ana ce musu su sa iyaye su aiko kuɗi. Abin da nake cewa shi ne gibin nan na harshe ne, kuma cike shi aikin masu alƙalami ne irinmu.

Wannan ɗan littafi da ke hannunku da injin kwafi aka buga shi. Injin nan zai iya buga shafi guda, gaba da baya, da Hausa da Zabarmanci, boko da ajami, mai ɗauke da takardun da ake buƙata, lambobin gaggawa na kowace ƙasa, zanen ƙoramar teku da yadda ake fita daga cikinta, da gargaɗin damina ga masu komawa ƙauye. A liƙa shi a tashoshin mota da ƙofar lise kafin watan Yuli. A karanta shi da murya a tura ta WhatsApp don iyayen da ba su karatu, su ma su samu abin ƙarawa bayan addu'a. Ƴan sashen harsuna su zauna da waɗanda suka daɗe a Kurmi, masu dako da direbobi da ƴan kasuwa, a tattara kalmomin da Hausar Zango ta riga ta samar, a tace, a ƙirƙiri sauran. In wani na da sunan da ya fi ƙoramar teku dacewa, ya kawo shi fitowa ta gaba mu yi gardama a kai.

Ku kuma masu tafiya bana, muna roƙon tsaraba guda. Bayan hoton fuska, ku juya kyamarar. Ku ɗauko mana shingen da kwalekwalen da ɗakin Zango, ku tambayi masunci sunan da suke kiran ruwan nan mai ja da harshensu, ku faɗa mana nawa kuka kashe da sefa, ba ƙari ba ragi. Ƙannenku na kallo, kuma abin da kuka nuna musu shi za su bi.